Clash of the Titans na 1981 da na 2010: tsohon ne ya fi, ko ƙuruciyata nake tunawa?

Abu Safiya, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dattawan wannan zaure da sauran 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya. Na zo da wata tambaya da ta kwana biyu tana cina a rai, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar fim nesa ba kusa ba.

Ina aji biyar na firamare lokacin da na fara ganin Clash of the Titans, wanda ya fito a 1981. A gidan wani maƙwabcinmu ne a Rijiyar Ɗorowa, domin shi kaɗai ke da bidiyo a layinmu, kuma ranar Alhamis da dare, da yake babu karatun allo, yakan fito da talabijin tsakar gida ya ɗora a kan tebur, mu kuma mu shimfiɗa tabarmi mu zauna. Kaset ɗin ya sha kallo har hotonsa yana rawa daga sama. Ba ma jin Turanci, sai wani yayanmu da ke sakandare yake fassara mana abin da ya gane, sauran kuma mu cike da tunaninmu. Ba mu ma san sunan fim ɗin ba, Mai Kan Macizai muke ce masa. Har yau ina tuna yadda tsakar gidan nan ta yi tsit lokacin da inuwar wutsiyar Medusa, dodanniyar nan mai gashin macizai, ta bayyana a jikin bango, da yadda ƙanena ya riƙe gefen rigata bai saki ba sai da aka sare mata kai.

A watan jiya babban ɗana, mai shekara goma sha uku, ya karɓo sabon, na 2010, a wurin masu tura fim a waya, muka zauna muka kalla tare. Shi ya ji daɗinsa ƙwarai. Ni kuwa aka gama ban ji komai a zuciyata ba, ko da yake na ga dodanni manya da yaƙi mai yawa. Sai na nemo tsohon na kunna masa, ina ɗokin ya ji abin da na ji, amma bai kai rabin awa ba ya ce da ni: “Baba, ai waɗannan 'yan tsana ne, ana ganin ba gaskiya ba ne.” Maganar ta sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Tambayata kashi biyu ce. Shin da gaske tsohon ya fi sabon ta fuskar aiki da labari, ko kuwa ƙuruciyata da tsakar gidan nan nake tunawa, ina ɗora wa fim ɗin darajar da ba tasa ba? Sannan, tun da yake duka biyun sun ginu ne a kan tatsuniyoyin Girkawa da allolinsu na ƙarya, wanne ya fi dacewa uba ya zauna ya kalla da 'ya'yansa, kuma da wane bayani? Allah ya ba da ikon amsawa.

Baba Ummaru, Ƙofar Marke

Wa alaikumus salam. Malam Abu Safiya, ɗanka bai yi ƙarya ba, 'yan tsana ne. Abin da bai sani ba shi ne yawan aikin da ke cikin kowace ɗaya, kuma ina ganin da ka fara yi masa wannan bayani kafin ka kunna, da ya kalla da wani ido dabam.

Mutumin da ya yi dodannin tsohon fim ɗin sunansa Ray Harryhausen, Ba'amurke ne da ya zauna a Ingila, an haife shi a 1920, ya rasu a 2013, kuma wannan ne fim na ƙarshe da ya yi. Duk wanda ya ga finafinan Sinbad na 1958 da 1973 da 1977, ko Jason and the Argonauts na 1963, inda ƙwarangwal bakwai suka fito daga ƙasa da takubba, to aikin hannunsa ya gani. Yadda yake yi shi ne, yakan ƙera ƙaramin dodo da bai wuce a ɗora shi a kan tebur ba, a ciki akwai ƙashi na ƙarfe mai gaɓoɓi, a waje kuma roba. Sai ya tsayar da shi gaban kyamara ya ɗauki hoto ɗaya, ya ɗan motsa hannu ko wutsiya kaɗan, ya sake ɗaukar wani, haka har a samu motsi. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, ke nan minti ɗaya yana bukatar hoto 1,440, kuma kafin kowane hoto sai mutum ya sa hannu ya gyara. Faɗan ƙwarangwal ɗin nan na 1963, wanda bai wuce 'yan mintoci ba, ya ci masa fiye da wata huɗu. Yanzu ka dubi Medusa: kowane maciji da ke kanta sai an motsa shi dabam, ga wutsiya, ga hannuwa biyu riƙe da baka, ga idanu, ga kuma hasken wutar da ke lilo a jikinta, wanda dole ya dace da hasken da ke jikin ɗan wasan da aka riga aka ɗauka. Idan ya manta inda maciji ɗaya ya dosa, aikin yini ya lalace.

Na yi shekara talatin ina aikin ɗinkin hula da zanen riga kafin idona ya raunana, saboda haka idan na ga aikin da aka yi da allura ɗaya-ɗaya ina gane shi. Hular da aka ɗinka da hannu ba ta kai ta inji daidaito ba, amma kana iya ganin inda mai ɗinkin ya yi tunani kafin ya soka allura. Haka Medusa ta tsohon fim take. Ka lura da yadda take fitowa: ba ta zo da gudu ba, jan jiki take yi da hannuwanta a ƙasa, sannan ta miƙe, ta tsaya, ta juya kai tana saurare. Ɗakin duhu ne, babu haske sai na wuta, kuma an bar mai kallo ya ji ƙarar wutsiyarta kafin ya ga fuskarta. Ta harbi ɗaya daga cikin sojojin da kibiya, ta mayar da wani dutse da koren hasken idonta, sannan aka bar jarumin fim ɗin, Farsiyus, shi kaɗai a bayan ginshiƙi, zufa tana zuba, takobi a hannu, ba shi da ikon ya leƙa. Abin da ya sa ƙanenka ya riƙe rigarka shi ne jiran nan. Ba a yi maka komai ba, an dai sa ka jira tare da shi.

A sabon fim, Medusa tana da sauri kamar walƙiya, tana nannaɗe ginshiƙai, tana dariya, ana tsalle ana faɗuwa a gefen ramin wuta, kyamara kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Na kalle shi sau biyu, kuma duk sau biyun na rasa gane inda kowa yake tsaye a cikin ɗakin. Idan ban san nisan da ke tsakanin mutum da abin da zai kashe shi ba, ba zan ji masa tsoro ba. Wannan ita ce hujjata, kuma ba ta da alaƙa da ƙuruciya, domin ni da gemuna na ga tsohon.

Ba zan ce duk abin da ke cikin tsohon ya yi kyau ba. Mujiyar ƙarfen nan, Bubo, an sa ta ne don yara su yi dariya, kuma sau da yawa tana rage wa labarin nauyi. Akwai kuma wuraren da ake ganin layi a gefen ɗan wasa, inda aka haɗa hoto biyu ba su haɗu sosai ba. Amma ka nuna wa ɗanka sashen Medusa kaɗai, da dare, a kashe fitila, a ajiye waya, sannan ka tambaye shi.

Nura mai haɗa hoto, Gawon Nama

Ranka ya daɗe Baba Ummaru, na karanta bayaninka da natsuwa, kuma na ƙaru. Ina neman izini in kare sabon fim ɗin ta wasu fuskoki, domin sana'ata ke nan, haɗa hoton biki da na talla a kwamfuta, kuma yana damuna idan na ji ana ɗaukar aikin kwamfuta kamar danna maɓalli ne kawai. Dodon da aka yi da kwamfuta shi ma sai an zana shi, an sa masa ƙashi da gaɓoɓi, an motsa shi, an daidaita haskensa da na wurin, sai dai a maimakon mutum ɗaya da mataimaka biyu, ɗaruruwan mutane ne suke raba aikin. Idan sakamakon bai yi kyau ba, laifin wanda ya tsara yadda za a ɗauka ne, ba na na'urar ba.

Akwai abubuwan da sabon ya fi tsohon, kuma gaskiya ce a faɗa. Kunamun da suka fito a hamada suna da nauyi, ana ganin ƙasa tana tashi idan suka taka, kuma ana jin cewa ƙarinsu zai iya huda mutum. Kiraken, dodon tekun da ke fitowa a ƙarshen fim ɗin, lokacin da yake tasowa daga teku gaɓa-gaɓa har ya rufe birnin Argos, ya ba ni abin da na tsohon bai ba ni ba, wato jin cewa mutum ba komai ba ne a gabansa. An ɗauki wurare da yawa a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen da kuma Wales, saboda haka duwatsu da ƙurar da ake gani na gaske ne. Sannan sojojin da suka raka Farsiyus suna da hali da fuska, musamman Dirako, wanda Mads Mikkelsen ya fito a matsayinsa, har mutum yana jin mutuwarsu. A tsohon, in ban da ɗaya, ban riƙe fuskar ko guda ba.

Inda na yarda an yi kuskure babba shi ne batun 3D, wato hoton da ake kallo da tabarau na musamman. Daraktan, Louis Leterrier, bai ɗauki fim ɗin da wannan tsari ba. A watan Disamba na 2009 Avatar ya fito, wanda shi ma Sam Worthington ne jaruminsa, ya tara kuɗi masu yawan gaske, sai kamfanin Warner ya yanke shawarar a juya wannan fim zuwa 3D cikin 'yan makonni, har aka ɗaga ranar fitowarsa da mako ɗaya zuwa farkon Afrilu na 2010. Aikin gaggawa ne, ya sa hoton ya yi duhu, mutane kuma suka zama kamar an yanko su an manna, kuma shi kansa daraktan daga baya ya fito fili ya ce bai ji daɗin abin ba. Wani ɓangare na baƙin jinin fim ɗin daga nan ya samo asali. Mu da muke kallo a waya ko talabijin wannan matsala ba ta shafe mu ba.

Ta fuskar kasuwa kuwa, an kashe kimanin dala miliyan 125, ya kawo sama da miliyan 490 a duniya, har aka yi masa ci gaba a 2012. Na san kuɗi ba shi ne ma'aunin kyau ba, amma yana nuna cewa ɗan Malam Abu Safiya ba shi kaɗai ba ne. Yaron da ya tashi da wasan kwamfuta idonsa ya saba da motsi mai santsi, kuma ɗan tsalle-tsallen da ke cikin motsin 'yar tsana, wanda ku yake ƙara muku tsoro, shi fitar da shi yake yi daga cikin labarin. Ba rashin hankali ba ne, sabo ne.

Malama Hadiza, Runjin Sambo

Assalamu alaikum. Baba Ummaru da ƙanena Nura sun yi magana a kan dodanni, ni kuma ina so in mayar da zancen kan labari, domin ina koyar da adabi a sakandare, kuma a ganina a nan ne bambancin gaske yake.

A tsohon fim, abin da ya tura Farsiyus hanya shi ne so. Ya iso birnin Yafa ya tarar ana ƙona wani mutum, aka gaya masa cewa duk mai neman auren gimbiya Andiromida sai ya amsa kacici-kacici, in ya kasa a ƙone shi. Ya sa kwalkwalin da ke ɓoye mutum ya shiga ɗakinta, ya ga wata ƙatuwar ungulu tana ɗaukar kurwarta a cikin keji kowane dare zuwa wurin Kalibos, tsohon saurayinta da aka mayar mummuna saboda laifin da ya yi. Ya kama doki mai fukafukai, ya bi ta, ya gano amsar, ya ci. Sai a wurin ɗaurin aure uwar amarya, Kasiyofiya, ta yi fariyar cewa 'yarta ta fi Tetis, allahiyar teku a tatsuniyarsu, kyau, a cikin ɗakin bautar Tetis ɗin, aka yanke hukunci cewa nan da kwana talatin a miƙa yarinyar ga dodon teku. Kowane mataki yana haifar da na gaba, kuma duk abin da yake yi domin mutum ɗaya yake yi, wadda muka san fuskarta. Ginin tatsuniya ke nan kamar yadda kakanninmu suka san shi: kyauta uku, tsofaffin mata uku makafi masu ido ɗaya, wa'adi, da sharaɗin da in ka karya ka halaka.

A sabon, an cire so an sa ramuwa. Hedis, mai mulkin ƙasar matattu a tatsuniyarsu, ya nutsar da jirgin masuncin da ya rene shi tare da iyalinsa, sai Farsiyus ya tashi neman fansa. Andiromida tana nan, har an nuna ta tana raba wa talakawa burodi, amma da ƙyar suka yi magana da shi, kuma a ƙarshe da ta nemi ya zauna ya yi sarauta ya ƙi. An kawo wata mace, Iyo, tana bin su tana yi musu bayanin komai. An rage wa'adin zuwa kwana goma, an cire kacici-kacici gaba ɗaya, wato an cire wurin da jarumi yake amfani da kansa ba da damtsensa ba. Abin da ya fi damuna shi ne, Farsiyus yana ta nanata cewa ba ya son taimakon Ziyus, shugaban allolin kuma mahaifinsa a tatsuniyar, zai yi komai a matsayinsa na mutum, amma a ƙarshe da takobin Ziyus da dokinsa ya yi nasara. Fim ɗin ya ɗauki alkawarin da bai cika ba, kuma ina jin wannan ne ya sa Malam Abu Safiya ya tashi bai ji komai ba.

Sai dai kada mu ɗauki tsohon a matsayin asali tsantsa, domin shi ma ya sauya abubuwa da yawa. A tatsuniyar Girkawa, Farsiyus da takalma masu fukafukai ya tashi sama, mai hawan Fegasus, dokin nan mai fukafukai, wani jarumi ne dabam, Belerofon, kuma dokin ma daga jinin Medusa ya fito bayan an sare ta. Andiromida 'yar sarkin ƙasar da suke kira Itiyofiya ce. Kiraken kuwa ba na Girkawa ba ne sam, daga labaran matuƙa jirgin ruwa na arewacin Turai aka aro sunan, dodon Girkawa Ketos ake ce masa. Beverley Cross, wanda ya rubuta na 1981, ya ɗebo daga nan da can ya ɗinka, shi ya sa ba na ganin laifin na 2010 don ya canza. Mai ba da tatsuniya yana da damar ya ƙara gishiri. Tambayar ita ce ko abin da ya ƙara ya riƙe miyar.

Game da yara, ni abin da nake yi da ɗalibaina shi ne in fara da abin da suka sani. Baƙo ya iso gari da dare, ya tarar wani maciji ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya je rijiya ya sare masa kai, ya ɗauke kan ya tafi da shi, washegari aka nemi wanda ya yi, ya fito da shaida, ya auri sarauniya. Babu yaron da ba zai ce Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura ba. Daga nan sai in ce musu Girkawa ma suna da nasu baƙon da ya zo da kai a cikin jaka ya ceci gari, sai su kalli fim ɗin a matsayin labarin wasu mutane, kamar yadda suke jin labarin Dodo da Gizo ba tare da sun gaskata ba. A kan allolin kuwa, a gaya musu a sarari tun kafin a kunna cewa waɗannan abubuwa ne da Girkawan dā suka ƙirƙira suka bauta wa, kuma a nuna musu yadda fim ɗin da kansa yake bayyana su da kishi da ƙarya da son kai. Ta wannan fuska tsohon ya fi sauƙin bayani, domin a cikinsa suna kama da sarakuna masu rigima a fada, Laurence Olivier, wanda ya fito a matsayin Ziyus, yana zaune a kan karaga yana motsa mutum-mutumin yumɓu. Sabon ya fi bukatar uba ya kasance a kusa, saboda jigonsa shi ne mutane sun yi wa abin bautarsu tawaye, ana kuma cewa allolin da addu'ar mutane suke rayuwa, kuma kalaman da ake furtawa suna iya rikita yaro idan ba a raba masa tsakanin wannan da abin da ya sani na tauhidi ba. Akwai kuma wasu halittu da aka kira aljannu a cikinsa, masu jiki kamar itace, har da mai suna Sulaiman, waɗanda ba su da alaƙa da tatsuniyar Girkawa ko da abin da addini ya faɗa game da aljannu, ya kamata a faɗa wa yaro haka.

Wani abu kuma, Malam: tsohon yana da wurare biyu da ake nuna tsiraici na ɗan lokaci, ɗaya a farko inda aka nuna mahaifiyar Farsiyus da jaririnta a tsibiri, ɗaya kuma kusa da ƙarshe inda ake shirya gimbiya. Ka kalla kai kaɗai tukuna ka san inda za ka tsallake.

Alhaji Sani, Tudun Wada

Ina goyon bayan Malama, kuma ina da misali daga finafinan Indiya, waɗanda mu a nan muka fi sani. Rajkumar Kohli ya yi Nagin a 1976, labarin macijiyar da take rikiɗa mutum, wadda aka harbe mijinta, ta ga fuskokin mutanen a cikin idonsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Reena Roy ce macijiyar, ga Sunil Dutt da Feroz Khan da Jeetendra. Dabarun hotonsa ba su da yawa, maciji ne a ƙasa sai a ga mace a tsaye, amma ya karɓu sosai, domin mai kallo yana tausayinta kuma yana tsoronta a lokaci guda. A 2002 shi wannan darakta da kansa ya sake ɗauko labarin a Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani, ya tara Sunny Deol da Akshay Kumar da Manisha Koirala, ya ba ɗansa Armaan Kohli matsayin macijin, ya cika shi da aikin kwamfuta yana kwaikwayon finafinan Amurka na lokacin, fim ɗin kuma ya faɗi a kasuwa. Mutum ɗaya ne, labari ɗaya ne, kayan aiki sun ƙaru, amma tausayin nan ya ɓace. Ban ce na 2010 ya lalace kamar wannan ba, Nura ya yi gaskiya cewa aikin hotonsa mai kyau ne. Ciwon dai iri ɗaya ne, an mayar da hankali kan abin da za a nuna, an manta da wanda za a ji wa tsoro.

Nura mai haɗa hoto, Gawon Nama

Malama, na karɓi maganarki a kan kacici-kacici da batun takobi, ban taɓa lura da wannan saɓani ba sai da kika faɗa. Abu ɗaya nake so a ƙara a ma'aunin sabon: shi ne ya ba Medusa tarihi, inda Iyo ta bayyana cewa mace ce kyakkyawa da aka zalunta, sannan aka la'ance ta a kan laifin da ba nata ba. A tsohon ma an ɗan ambaci asalinta, amma a sabon an bar mata fuskar mutum, wadda ba ta munana sai lokacin da za ta mayar da wani dutse. Da an tsaya a kan wannan, an rage gudu kamar yadda Baba ya ce, da sashen ya fi na tsohon taɓa zuciya.

Abu Safiya, Mabera

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Baba lafiya. Na bi shawarar da aka ba ni. Daren jiya bayan sallar isha'i, wuta ta ɗauke, na kira shi da ƙannensa biyu tsakar gida, na fara ba su labarin rijiyar Kusugu, sannan na yi musu bayanin Girkawa da abin da suke bauta wa kamar yadda Malama ta tsara. Na ɗauko 'yar tsanar ƙanwarsa na ajiye a kan tabarma, na ɗauki hotonta da waya, na ɗaga hannunta kaɗan na sake ɗauka, har sau ashirin da huɗu, na ce masa wannan duka daƙiƙa ɗaya ce. Ya karɓi wayar yana wuce hotunan da yatsa da sauri, yana ganin hannun yana tashi.

Daga nan na kunna sashen Medusa kaɗai. Bai ce komai ba har aka gama, ƙaramar kuwa ta dawo bayana ta ɓoye fuska. Da na tambaye shi, ya ce har yanzu Kiraken na sabon ya fi, kuma ban yi masa gardama ba, domin na fara ganin Nura yana da gaskiya a nan. Amma ya roƙi in mayar da wurin da take juya kai tana saurare, yana so ya ƙirga macizan ya ga ko da gaske kowanne yana motsi dabam. Mun mayar sau uku kafin cajin wayar ya ƙare. Ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kalli fim ɗin daga farko, na riga na san wurare biyun da zan tsallake.